Riguna Goma Sha Biyu, Fuska Ɗaya

Shekara ashirin da uku Malam Nuhu yana yi wa Alhaji Ado ɗinki. Tun Alhaji yana siriri, yana sayar da batir da tocila a kan tebur, har ya ajiye tumbi ya buɗe shaguna a Rigasa. Duk faɗin da cikin nan ya ƙara, a tef ɗin Nuhu ya ƙara shi. Shi ya sa ranar da Alhaji ya shigo shagon ɗinkin da ke Kinkinau da bandir ɗin farar shadda, aka nuna masa kujera ya ƙi zama, Nuhu ya san akwai magana.

"Auren Nazifi saura wata ɗaya," in ji Alhaji. Nazifi shi ne babban ɗansa. "Mu goma sha biyu ne, ni da ƙannena da aminai. Anko za mu yi. Ga aikin da yaron yake so a wuya."

Ya miƙo waya. Nuhu ya gyara tabarau. Wuyan kaftani ne, an jera masa ƙananan ganyaye, kowane ganye kamar ɗan'uwansa, kamar da hatimi aka buga su.

"Alhaji, wannan ai aikin kwamfuta ne."

"Shi ake so. Iri ɗaya sak. Kada wani ya fi wani ko da ɗigo. Aikinka yana da kyau, Malam Nuhu, ban taɓa kushe shi ba. Amma kowace riga taka da halinta. In mun jeru sai a ce gidaje daban-daban muka fito."

"Ai gidaje daban-daban kuka fito."

"Bar wasa. In ba za ka iya ba ka faɗa min yanzu. Akwai wasu yara a Kasuwar Barci, kwana uku sun gama. Kuma kada ka ce za ka karɓa ka kai musu a ɓoye. In kaiwa ce, na san hanya. In na je can kuwa, ka san halin ƙafa, ba ta cika dawowa ba."

A kan benci akwai Ismail, ƙanin Alhaji, dogo siriri kamar sandar rake, wanda kullum nan yake hira yana ɓarar gyaɗa. Shekara biyar yana jin Nuhu na kiran injin surfani na kwamfuta keken ragwaye. Ya daina tauna, ya kafa kunne.

Nuhu ya dubi shaddar. Ya dubi tsohon kekensa na surfani, wanda yake juya wa yadi da hannu kamar mai tuƙa mota.

"Wa ya ce ba zan iya ba?"

Ismail ya ƙware da gyaɗa.

Mutum ɗaya Nuhu ya sani mai irin wannan inji da ba zai kai labarinsa majalisa ba. Comfort, 'yar marigayi Iliya, abokin aikinsa tun zamanin masaƙa. Yana nan aka haife ta, shi ya ɗinka mata rigar makaranta ta farko. Yanzu tana da shago a Unguwar Sarki, da inji mai kai biyu a bayan gilashi.

Ta saurare shi har ya gama, ba ta yi dariya ba. Wannan ya fi ba shi haushi.

"Baba, kawo in yi maka kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To. Injin yana hutawa daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi. Kullum, ban da Lahadi. In ka makara, sai gobe. Kuma a nan ni ce malama."

"Na ji."

"Ka ce, na ji Malama."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ya ce.

Matsalar ita ce lokacin. Shagon Nuhu ba ya zama shiru. Ga kayan makaranta na yara arba'in, ga masu gyaran zik, ga masu zuwa su ce yau-yau suke so. Ga kuma Ismail a benci, wanda ko fitsari Nuhu ya fita sai ya tambayi dalili. Washegari bayan sallar Azahar Nuhu ya ɗauki hula, ya dafe ƙugu, ya yi nishi.

"Lafiya, mutumina?"

"Bayan nan ne. Likita ya ce gashin ƙashi. Kullum ƙarfe biyu."

"Subhanallahi. Jiya fa ka ɗaga bandir da hannu ɗaya."

"Shi ya jawo."

Ya fita yana ɗingishi. Sai da ya sha kwana ya miƙe, ya tare Keke mai ƙafa uku.

Darasin farko bai yi wuya ba. Ɗaure yadi a zobe, shimfiɗa takardar baya, zura zare: hannun tela ya san wannan ko a duhu. Allon injin ne ya fara raina shi. Yatsansa ya yi kanta, shekara talatin allura na cin sa, ya danna ya danna, allon ya ƙi kula shi. Ya lashi yatsan ya sake.

"Baba! Ba shafin littafi ba ne."

Ta ba shi wani ɗan tsinke mai kan roba. Ya riƙe shi kamar mai ba da umarni ga 'yan fareti.

Sai aka zo wurin da abin ya tsaya. Comfort ta ce ya danna koren maɓalli. Ya danna. Injin ya ɗauki kuka, zoben ya fara gudu hagu da dama shi kaɗai. Kafin Nuhu ya yi tunani, hannayensa biyu sun kai kan yadin, sun kama shi, suna so su nuna masa hanya. Ƙas. Allura ta karye.

"Ka cire hannu."

"Zai kauce ne."

"Ba zai kauce ba. Ya san inda za shi."

"Ta ina ya sani? Yana da ido?"

Ta sa sabuwar allura. Ya danna. Ya rantse a zuciyarsa ba zai taɓa ba. Zoben ya yi wata 'yar kwana, hannun dama ya tafi da kansa. Ƙas.

Kwana uku, allura bakwai. A Keke, a hanyar dawowa, yakan zauna ya zuba wa hannayen ido a kan cinyarsa. Su suka ciyar da shi, su suka aurar da 'ya'yansa biyu. Yau an kawo abin da ba ya bukatar komai daga gare su sai su yi nesa. Ya kasa yanke ko da injin yake fushi ko da su.

Rana ta huɗu Comfort ta buɗe firji ta fito da gorar zoɓo. Ta cika kofi biyu har baki. Ta danna maɓallin da kanta, ta juyo.

"Riƙe. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu."

"Ba na jin ƙishi."

"Ba sha na ce ka yi ba. In ɗigo ɗaya ya zuba a yadin nan, kai za ka wanke."

Haka Malam Nuhu, tela mai suna a Kinkinau, ya tsaya a gaban inji da kofin zoɓo a kowane hannu, gwiwar hannu a buɗe, kamar kaza na shan iska. Zoben ya gudu. Kafaɗarsa ta motsa, zoɓon ya yi rawa, ya tsaya cak. Wasu mata biyu da suka zo karɓar kaya suka leƙo.

"Comfort, sabon mai sayar da zoɓo kika samu?"

"Ɗalibi ne, Anti. Yana jarrabawa."

"Allah ya ba da sa'a, Baba. In ka ci, a sammana."

Nuhu bai ko waiga ba. Idonsa na kan allura. Bayan minti goma sha ɗaya injin ya tsaya da kansa. Ganye takwas a jere, tsaf, babu wanda ya fi wani. Nuhu ya daɗe yana kallo. Sannan ya shanye kofi ɗaya.

"Ba laifi," in ji shi. "Amma ba rai a ciki."

"Ɗayan ma shanye. Gobe kai za ka danna."

A gida kuwa, wata jarrabawar ce. Labarin ciwon baya ya riga shi isa wurin matarsa Binta, ta bakin matar Ismail. Binta ta zuba masa ido. Rana ta biyar, tana jiƙa kayansa, ta ga ɗigon ja a hannun riga, ta ga wani silin zare mai sheƙi maƙale a aljihu, irin wanda bai taɓa shiga shagonsa ba. Ta ɗaga shi a rana. Ta yi murmushi.

Da yamma ta shigo da kwalbar man zafi.

"Malam, kwanta in shafa maka."

"Ya yi sauƙi yau."

"A'a. Ciwon baya ba a yi masa sakaci. Kwanta."

Ta shafa kamar mai cuɗa kwaɓin fanke. Bayan ya ɗauki wuta. Ya cije matashi.

"Likitan nan naku," in ji ta a hankali, "zoɓo yake ba ku?"

"Na ƙarin jini ne."

"Allah sarki. Likita mai tausayi. To na tambayi Inna, ta ce mai ciwon baya ba ya cin nama. Ga jiƙon saiwa na haɗa maka, safe da yamma."

Mako uku Nuhu yana cin tuwo da miya gaya, yana kallon tsoka na wucewa zuwa kwanon wasu. Jiƙon yana da ɗacin da ke sa kunne ƙaiƙayi. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Sau biyu ya ga yadda take kallonsa, da tausayin da ya yi yawa, ya rufe.

Amma ya koya. Yana datse wandon makaranta yana bita a ransa: ɗaura, daidaita, duba zare, danna, cire hannu. A Keke yana bita. A layin alwala yana bita, har wani ya ce amin. Ya koyi kiran zane daga ɗan abin da ake sokawa a gefen injin. Ya koyi ƙara masa girma da rage shi. A mako na uku ya daina bukatar kofi, sai dai yakan sa hannayen a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, kamar ɗan sanda da ɓarawo.

Ya yanka kaftani goma sha biyu a shagonsa da safe, ba tare da ya buɗe littafi ba, don ba shi da littafin awo. Awon kowa na kansa. Ya kwashi gaban rigunan ya kai Unguwar Sarki. Comfort ta turo masa salatif na takarda da biro.

"Manna wa kowacce suna a ciki."

"Na me?"

"Don kada su rikice."

Nuhu ya yi dariya, karo na farko a shagon. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ɗinki. Ban taɓa rubuta suna a jikin riga ba. Riga fuska gare ta. Ko a ninke take cikin ɗari, na ga wuyanta na san mai ita."

"Baba, wannan aikin..."

"Injin na koya a wurinki. Ban zo koyon ɗinki ba."

Ta janye salatif ɗin. "To, Baba."

Ranar Alhamis ya gama haɗa su. Ya goge, ya ninke kowace riga da wandonta a ciki, wuya a sama, ya zura a farar leda, ya jera a kan tebur. Sun yi kyau. Ya kwana da daɗi, duk da man zafi.

Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a ne. Ƙarfe tara na safe Ismail ya zo da Keke, ya bar shi a ƙofa yana kuka.

"Kai! Mutumina, wannan aiki haka? Wa ya yi?"

"Aljanu."

"To, wanne ne na wa? Gida-gida zan raba."

Nuhu ya miƙa hannu zai ɗauki ta farko. Hannun ya tsaya a iska.

A da, rigar Alhaji ganyenta kan fi kauri, don yakan danna hannu in yana tunanin mai ita. Ta Ismail kan fito a tsaye. Ta Malam Abdullahi, aminin Alhaji, mai yawan ƙorafi, kan fito a matse. Bai taɓa shirya hakan ba, hannu ne ke yi. Yanzu wuya goma sha biyu suna kallonsa ta cikin leda, duk fuska ɗaya, babu wadda ta san shi.

Abin yi a fili yake. Kamata ya yi ya buɗe kowace leda, ya warware, ya duba kafaɗa, ya sake ninkewa. Minti ashirin. Amma ga Ismail tsaye, wanda ya sha jin maganar fuskar riga har ya haddace. Ga mai Keke yana danna ham.

"Ko in kawo maka tef?" in ji Ismail, yana danne dariya.

"Tef ɗin me?" Nuhu ya ɗauki leda ɗaya, ya auna nauyinta a tafin hannu kamar mai sayen kaza. "Wannan ta Alhaji ce."

Ismail ya ciro biro ya rubuta a kan ledar.

"Wannan taka. Wannan ta Malam Abdullahi."

Bai yi jinkiri ko sau ɗaya ba. Ismail ya tafi yana girgiza kai, yana cewa baiwa daga Allah take. Nuhu ya zauna a kan kujera. Ya yi lissafin cewa cikin goma sha biyu, ai ko da kuskure, wasu za su faɗa daidai.

Sha biyu saura kwata waya ta yi ƙara. Muryar Alhaji ce, amma kamar daga cikin buhu.

"Nuhu. Ka zo. Yanzu."

Ba Malam. Shekara ashirin da uku, yau ba Malam.

Keke ya shiga Rigasa ya maƙale a cunkoson masu shimfiɗa tabarmin Juma'a. Nuhu ya diro. Ya tattare riga, ya zuba da gudu ta lungu, ya ratsa masu lemo, ya iso layin gidan Alhaji. Wata faffaɗar kwata ta tare hanya. Ya tsallake ta kamar ɗan shekara ashirin. A ƙofar gida, mutum biyar suna kallo.

Falon Alhaji ya cika. Kowa ya gwada tasa a gida ya taho da fushinsa. Malam Abdullahi na tsaye, hannun riga ya wuce yatsunsa da taƙi guda, yana kaɗa su yana bayani ba mai saurare. Wani gajere yana taka gindin tasa. Ismail na cikin wata riga da za ta ɗauki uku irinsa, ta tsaya masa a gwiwa, ya riƙe wando da hannu biyu kada ya zube.

A tsakiyar falo kuma ga Alhaji Ado. Ko kuma rabinsa. Ya zura kai da hannaye a rigar Ismail, ta sauko ta iso tumbi ta ce nan ta tsaya. Hannayensa a sama, fuskarsa a ciki. Ba ta shiga, ba ta fita. Mutum biyu suna ja ta sama, ɗaya na ja ta ƙasa.

"Ku sake shi!" in ji Nuhu. "Za ku yaga min aiki."

"Aiki?" in ji rigar. "Ni fa?"

"Alhaji, saki numfashi. Duka. Ƙara. Ɗaga kafaɗar hagu."

Ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin hammata, ya murɗa ɗinkin gefe kaɗan, ya ja sau ɗaya. Alhaji ya fito, ido ja, gumi har gemu.

"Kowa ya tuɓe," in ji Nuhu. "Riga nan, wando nan."

Dattawa goma sha biyu suka tsaya daga su sai singileti da gajeren wando, kowa na kallon silin. Nuhu ya durƙusa a gaban tarin. Ya ɗaga riga ta kafaɗa, ya girgiza ta sau ɗaya, ya jefa.

"Malam Abdullahi."

Ya ɗaga wata. "Alhaji Ƙarami. Ismail, ungo sandarka. Liman. Alhaji."

Bai dubi fuskar kowa ba, bai taɓa tef ba. A warware, kowace riga ta faɗi sunan mai ita: faɗin ƙirji, zurfin hammata, kafaɗar da ta fi 'yar'uwarta sauka. Wanduna ma haka. Kafin ladan ya yi kiran farko, mutum goma sha biyu sun jeru a gaban madubin falo, fari fat, ganye takwas-takwas a kowane wuya. Kowa ya juya yana duba kansa. Har Malam Abdullahi ya duba ya duba bai samu abin ƙorafi ba.

Ismail ya tafa hannu.

"Jama'a, ku taya ni murna. Bayan Malam Nuhu ya warke. Da idona, ta taga, na ga ya tashi sama a kan kwata."

Aka fashe. Alhaji bai yi dariya ba. Yana shafa ganyen wuyansa da babban yatsa.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Ni."

"A ina?"

Nuhu ya share gumi. "Unguwar Sarki. 'Yar Iliya ce ta koya min. Kullum ƙarfe biyu."

"Gashin ƙashin ke nan," in ji Ismail. "Wayyo cikina."

"Yaran Kasuwar Barci," in ji Alhaji a hankali, "da sun rubuta suna a leda."

Nuhu ya sunkuyar da kai. Ya ji shekara ashirin da uku suna tattara takalmansu.

Alhaji ya ɗaga hannu sama, ya sauke. Ya juya hagu, ya juya dama. Ya ja numfashi har tumbin ya cika, rigar ta ba shi wuri ba ta yi gardama ba.

"Bayan Babbar Sallah akwai auren 'yata Khadija," in ji shi, yana ɗaukar hula. "Mu ashirin ne. Ismail, ba Malam Nuhu biron nan. Kyauta."

Da ya koma gida bayan ɗaurin aure, Binta ta ajiye masa kwano. Ya buɗe. Tsoka uku, manya, a saman shinkafa. A gefen kwanon kuma ga kwalbar man zafi.

"An ce ka tsallake kwata," in ji ta. "Irin wannan tsalle yakan tayar da tsohon ciwo."

"Binta, ba ni da ciwon baya."

"Haba?" Ta zaro silin zaren nan mai sheƙi daga bakin zaninta, ta ɗora a kan murfin kwanon. "Ka gaida min likita."

Ranar Litinin ƙarfe ɗaya da rabi ya ɗauki hula. Ismail ya dafe ƙugu ya yi masa nishi. Nuhu ya wuce shi a miƙe.

Comfort ta riga ta ji komai, har da hoton Alhaji a cikin riga, wanda wani ɗan biki ya ɗauka ta taga. Ta turo salatif ɗin a kan tebur da yatsa ɗaya, tana kallon wani wuri.

Nuhu ya zo da wata shuɗiyar shadda ta Alhaji, don gwajin sabon zane. Ya yanki salatif, ya manna a cikin wuya. Ya ciro biron Ismail ya rubuta sunan, harafi-harafi. Ya ɗan tsaya. Sannan a ƙarƙashin sunan ya zana wani ƙaton da'ira, ya ɗiga masa cibiya a tsakiya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Don kada su rikice, Malama."

Ya ɗaure yadin a zobe, ya danna koren maɓalli, ya kai hannayensa baya. Na hagu ya damƙe na dama.